Wasan Bazazzagi da Tattabaruna

Akwai mutum ɗaya a duniyar nan da ba na so, kuma ba na jin kunyar faɗa. Malamai sun ce kada a ƙullaci ɗan'uwa Musulmi, na ji, ina kuma gaishe shi duk safiya. Amma so kam babu shi. Manajan maɗaba'ar da nake aiki ne, mutumin Zariya, kuma da wasa ya shigo rayuwata.

Maɗaba'ar tana cikin wani lungu kusa da Ƙofar Nassarawa, a wani tsohon gidan ƙasa da aka shafe da siminti aka mayar wurin aiki. Tun ina saurayi nake can. Ni ne a kan injin bugu, ni ne kuma a kan injin yankan takarda, wanda wuƙarsa ke raba tulin takardu kamar ana yanka gurasa. Katin ɗaurin aure, kalandar biki, fostar 'yan takara, takardun jarrabawar makarantun unguwa, duk ta hannuna suke bi. Da wannan aikin na yi aure, da shi nake ciyar da iyali, ban kuma iya wata sana'a ba. In aka raba ni da injin nan, ban san ƙofar da zan ƙwanƙwasa ba da furfurata.

Mai wurin, Alhaji, dattijo ne mai sanyin magana, kuma dokarsa ɗaya ce: ba zagi, ba duka a wurin aikinsa. Wanda ya ɗaga hannu ko ya ɗura ashar, a ranar zai kama gabansa. Ɗan ƙanensa ma bai tsira ba da ya mari wani direba. Da ciwon ƙafa ya matsa wa Alhaji, sai ya koma zaman zauren gidansa da ke ƙarshen lungun, ya ɗauko manaja ya damƙa masa ragamar komai.

Ranar da manajan ya fara zuwa, ya bi mu ɗaya bayan ɗaya yana tambayar garin kowa. Da ya zo kaina na ce masa ni ɗan cikin birni ne gaba da baya. Sai ya tafa hannu.

"Alhamdu lillahi! Ashe an tanadar mini bawa tun kafin in iso."

Kowa ya yi dariya, har da ni. Wasan Kanawa da Zagezagi ai a cikinsa muka tashi. Kowa na cewa ɗayan bawansa ne, a yi tsokana, a fizge hula, a watse ana raha, kuma wanda ya yi fushi shi ne abin dariya. Ina da maƙwabci Bazazzagi da ba ya barin takalmina ya zauna lafiya a ƙofar masallaci, ni ma ba na barin nasa. Don haka na mayar wa manaja nan take.

"Bazazzagi da kujerar manaja? To Allah ya kyauta wa maɗaba'ar nan."

Ya yi dariya, amma iya baki ta tsaya. Na ga idonsa, sai dai ban ba abin muhimmanci ba.

Aikin maɗaba'a dama ba na mai son jiki ba ne. Wuta ta ɗauke ana tsakiyar bugu, janareta ya yi gardama, tawada ta ƙi bushewa, uwar amarya tana tsaye a kanka tana jiran katin da tun jiya ya kamata a raba. Duk na saba da wannan. Abin da manaja ya ƙaro shi ne karɓar aikin da ya fi ƙarfin injin. Yana zaune a ofis da waya a hannu, duk wanda ya turo masa saƙo sai ya ce gobe da safe a zo a karɓa. Bai taɓa leƙowa ya tambaye ni ko zai yiwu ba. In goben ta yi aiki bai fito ba, sai ya jawo mai aikin har gaban injina, ya dafa mini kafaɗa.

"Hajiya, yi haƙuri. Bawana ne, Bakano. Kin san su, in ba lissafin riba ba, ba abin da suke yi da sauri. Sai da bulala."

Hajiya ta yi dariya, ma'aikata su yi dariya, laifin da yake nasa ya dawo kaina a naɗe cikin raha. Ni kuma dole in yi yaƙe, don wasa ne. Wata rana a gaban wani matashi da ya zo karɓar fosta, sa'an ɗana, ya cire mini hula ya ɗora a kan injin ya ce bawa ba ya sa hula a gaban ubangidansa. Matashin ya sunkuyar da kai don kunya. Shi ya ji mini kunyar da manaja bai ji ba.

Na gwada ramawa, kamar yadda al'adar ta ba ni dama. Wata Laraba ya shigo da sabuwar shadda tana ƙyalli, na ce a gaban kowa, "Kai, bayin bana sun samu sake, har da shadda." Aka kwashe da dariya. Da yamma ya kira ni ofis ya ce ranar Juma'a bayan masallaci zan dawo aiki, akwai takardun jarrabawa. Na duba, babu wata jarrabawar da ba za ta jira Asabar ba. Na sake gwadawa wani lokacin, sai na tsinci kaina ina sauke takardu daga mota da rana tsaka, aikin da ba nawa ba. Nan na gane wasan nasa hanya ɗaya yake bi. Shi ya jefe ni da dariya, ni in na jefa ya rama da aiki.

Ni kuwa mutum ne mai zuciya, haka Allah ya yi ni. In raina ya ɓaci kunnuwana ke fara ɗaukar zafi, sai hannuna ya kama rawa. Mai rawar hannu kuma ba shi da haɗi da wuƙar yankan takarda. Ranar da abin ya fashe, ya ce wa wani malamin makaranta wai kakannina a kasuwa kakanninsa suka sayo su, da arha ma. Ban san sanda na daka masa tsawa ba, har mai sayar da abinci ta lungun ta leƙo. Ban zage shi ba, Allah ya tsare bakina, amma na nuna shi da yatsa har ya kusa taɓa hancinsa.

Kafin la'asar labari ya kai zaure. Alhaji ya sa aka kira ni. Bai ɗaga murya ba.

"Kai da girmanka, abokin wasa ne zai sa ka tayar mini da lungu? Ka san dokata. Wannan na bar maka saboda daɗewarmu. In ka sake, kada ka jira in aiko."

Na buɗe baki zan yi bayani, sai na rasa ta inda zan fara. Me zan ce? Ya kira ni bawa? Ai kowane Bazazzagi na kiran Bakano haka. Na ce, "To, Alhaji, na gode," na tashi raina kamar ya fita.

Daga ranar manaja ya san saura mini kuskure ɗaya, ya kuwa ƙara wa wasan gishiri. Ni kuma na koma haɗiyewa. Abin da na haɗiye a wurin aiki sai in kai shi gida. Yara suka fara watsewa daga tsakar gida in sun ji tsayuwar babur ɗina. Ciwon kai ya zame mini abokin tashi, ƙeyata kullum a ɗaure. Uwargidana ce ta matsa sai da na je asibiti, aka ɗaura mini abin awo a dantse. Ma'aikaciyar ta duba, ta sake aunawa, ta ce hawan jini ne, kuma ya hau sosai. Ta rubuta magani, ta ce in riƙa zuwa awo, sannan ta ce in rage damuwa, in nemi abin da zai riƙa sanyaya mini rai. Na ce a zuciyata, Malama, damuwar tawa tana da ofis da fanka, ta ina zan rage ta?

Saman soron maɗaba'ar na fara hawa don kawai in daina ganin fuskarsa. Akwai wata matattakala ta baya da ba mai bi. Bayan sallar azahar, maimakon in zauna cin abinci inda zai same ni, sai in ɗauki kwanona in haye. A can na ga wasu tsofaffin tukwane da aka gina a jikin katanga, irin na kiwon tattabaru, duk yanar gizo-gizo ta cika su. Na yi kiwon tattabaru ina yaro kafin aiki ya raba mu. Na je na nemi izinin Alhaji, ya ce na marigayi wansa ne, in gyara in ina so. Na share, na liƙe tsagogin, na samo tattabaru biyu daga wurin wani abokina, daga baya na ƙara biyu.

Ban yi zaton abin zai yi mini magani ba, amma ya yi. Tattabara ba ta son gaggawa. In ka hau da fushi kana huci, tashi za su yi su koma katangar maƙwabta su zuba maka ido. Dole ka tsaya a bakin matattakala ka sauke numfashi, ka sassauta kafaɗa, ka taka a hankali, sannan su sauko. Sai ya zama kafin in kai gare su na ajiye rabin abin da na hawo da shi. In watsa musu dawa da gero, in sauya ruwa in jefa 'yar kanwa, in zauna a kan bulo ina ci suna ci. Daga can kana hango rufin gidaje har nesa, kana jin ƙarar motocin titi kamar ba a garinku ake yi ba.

Ina yi musu magana, ba zan ɓoye ba. Duk abin da na so in faɗa wa manaja ban faɗa ba, su nake gaya wa. Akwai wani namiji baƙi mai farin wuya, mai kumbura ƙirji yana zagaya matarsa, shi na fi kai wa ƙara. In ce masa, "Ka ji abin da mutumin nan ya ce yau?" Ya karkata kai ya dube ni da ido ɗaya, ya ci gaba da tsince hatsi a tafin hannuna. In na gama zazzage cikina sai in wanke hannu in sauka, in kama injin da hannun da ba ya rawa.

Na kuma sa wa kaina wata ƙa'ida. Duk sanda manaja ya jefo maganarsa kunnuwana suka ɗau zafi, ba na taɓa wuƙar yanka sai na je famfo na yi alwala, ko da ina da ita. In aikin da ya karɓo ba zai yiwu gobe ba, tun da safe nake gaya masa a gaban mai kwamfutar maɗaba'ar, murya ƙasa-ƙasa, in ce jibi ne, in koma bakin aikina. Ya yi ta bawana kaza, Bakano kaza, ni dai in ce, "Jibi ne, manaja." Tattabaru suka yi ƙwai, suka ƙyanƙyashe, garke ya fara cika. Awon asibiti ya fara sauka. Yarana suka dawo tarata a ƙofar gida.

Wannan kwanciyar hankalin ita ce ta tsone masa ido. Mutum ne da in ya tsokane ka bai ga ka motsa ba, abincinsa ba ya narkewa. Ya fara cewa, "Bawana ya yi sanyi kwana biyu, me ake ba ka a saman nan?" Wata rana na ji takunsa a matattakala. Ya tsaya daga baki, hannu a aljihu, ya daɗe yana kallon tattabarun suna sauka a hannuna da kafaɗata.

"Ashe dukiya kake tara mini a nan ban sani ba," ya ce. "Kayan bawa ai na ubangidansa ne."

Na ce masa rana na dukansa, ya sauka.

Ranar wata Talata na je awo asibiti da safe, da izininsa. Layi ya yi tsawo, ban dawo ba sai dab da azahar. Tun daga bakin lungu na ji ƙamshin farfesu, citta da kanumfari da masoro. Na shiga na tarar an kashe injina, ma'aikata sun kewaye wata babbar tukunya da mai abincin lungun ta dafa. Da suka gan ni kowa ya daina tauna. Mai kwamfuta ya ajiye cokalinsa ya kama kallon bango. Manaja kaɗai ya miƙe, da kwano a hannu, bakinsa duk maiƙo.

"Bawana, sannu da zuwa! Zo ka ci. Harajin bana na hau na karɓa da kaina."

Na wuce su na haye sama. Gashi ne ko'ina, iska na wasa da shi, ga jini a gindin bulon da nake zama. Ƙananan da suka fara tashi suna can kan katangar maƙwabta sun ƙi saukowa. Huɗun farko ya yanka, iyayen garken, waɗanda suka saba da hannu, har da baƙin mai farin wuya. Kowa ya san 'yan shila ake yi wa farfesu, tsohuwar tattabara ba ta da komai sai tauri. Amma ya bar 'yan shilan a cikin tukwane, ko gashi ba su gama fitarwa ba, suna ta wage baki suna jiran iyayen da ke cikin tukunya a ƙasa.

Na sauko. Abin da na ji a lokacin ba fushi kaɗai ba ne, so nake in ji masa ciwo, ciwon da zai daɗe yana jinya. Akwai wata ƙatuwar sufana a kan teburin injin, idona ya sauka a kanta, nasa idon ma ya bi nawa. Na ga ya ɗan ja da baya, amma murmushin bai bar fuskarsa ba. Jira yake. Ko mari ɗaya na kai masa, kafin la'asar na zama tsohon ma'aikaci, shi kuma ya samu labarin da zai riƙa bayarwa na Bakanon da ya kasa ɗaukar wasa.

Na cusa hannayena biyu cikin aljihun rigata na damƙe. Na ce wa mai kwamfuta, "In an tambaya, na fita." Na bi ta gaban manaja na fice.

Tafiya na yi ta yi da ƙafa, na bar babur ɗin a nan. Na fita ta Ƙofar Nassarawa, na bi gefen titi cikin rana da hayaƙin motoci, ban san inda na nufa ba. Ina tafe ina zaginsa a zuci, zagin da ban san na iya ba. Na tsaya a wani masallacin bakin hanya na yi alwala na yi azahar, na zauna har zufar jikina ta bushe. Na yi kuka kaɗan, kuma ba na jin kunyar wannan ma. A zaunen nan na yi ta juya maganar da na kasa yi wa Alhaji a karon farko, har na samo bakin zarenta. Da aka yi la'asar na juyo, ban shiga maɗaba'a ba, na zarce zaure.

Na tarar da Alhaji a kan darduma ya miƙe ƙafafu, carbi a hannu. Na durƙusa na gaishe shi.

"Alhaji, ƙara na kawo."

"Ƙarar wa?"

"Ta manaja."

Na gaya masa abin da ya faru. Ya saurara, sai na ga kafaɗunsa na motsi, dariya yake dannewa.

"Yau na ga sabon abu. Bakano ya kawo ƙarar Bazazzagi a kan tattabara. Haba, ai wasa ne. Mu a zamaninmu har akuya an kama."

"Allah ya ƙara maka lafiya, tambaya ɗaya zan yi in tashi. Wanda ya kama akuyar taku, kun rama?"

"Sosai ma. Rago muka kama masa."

"To ni na rama sau biyu, da baki kawai. Na farko ya hana ni hutun Juma'a, na biyu ya sa ni dako. In ya ga dama gobe ya zo nan ya ce ba na aiki, a sallame ni. Ni zan iya zuwa in ce a sallame shi?"

Alhaji ya daina jan carbin.

Na ce, "Wanda zai iya raba ni da abincina ba abokin wasana ba ne, shugabana ne. Ya ba ni aiki in yi. In na ɓata ya yi mini faɗa a matsayinsa na manaja, zan ɗauka. Amma wasan na yafe shi. Ka ce in na sake ɗaga murya kada in jira aike. Ban ɗaga ba, Alhaji. Nan na kawo ta."

Alhaji ya ajiye carbin. Sannan ya ɗauki waya ya kira manaja. Manaja ya shigo da fara'arsa, ya tsuguna, har ya fara cewa bawan nasa ne ya kawo kuka. Alhaji ya ɗaga masa hannu.

"Tambayarka zan yi. Ka yarda gobe ya cire maka hula a gaban masu kawo aiki, ya kira ka bawansa, ya shiga ofishinka ya ɗauki abin da ya ga dama, kai kuma ba za ka rama da aiki ba?"

Manaja ya yi 'yar dariya, ya ga ba mai taya shi. Ya gyara tsuguno.

"Alhaji, ai akwai girman ofis."

"Shi kuma furfurarsa ba ta da girma? To tunda ba ka iya ɗauka, kada ka ƙara bayarwa. Daga yau babu wasa tsakaninku a wurin aikina. Malam za ka kira shi. Tattabarunsa kuma ka mayar masa da madadinsu."

Na fito daga zauren. Ban ji daɗi ba, ban kuma ji nasara ba, sai dai na san gobe ina da wurin zuwa da safe.

Abin bai zo mini kyauta ba. Maɗaba'a ta yi tsit, ma'aikata suka riƙa cewa na kashe musu raha, su da suka sha romon tattabaruna. Labari ya kai majalisarmu ta unguwa, in na iso sai wani ya ce, "Ku yi hattara, kada a yi masa wasa ya kai mu zaure." Na bar su da bakinsu. Ba su ne ke tsayawa gaban wuƙa da hannu na rawa ba. 'Yan shilan kuwa na yi ta jiƙa gero ina taunawa ina ɗura musu, safe da rana da yamma. Uku suka mutu a hannuna, ɗaya ya rayu.

A kwanakin nan na yi ƙoƙarin nema wa manaja uzuri, don in samu in sauke abin daga ƙirjina. Na ce wa kaina mutumin ofis ne, bai san kiwo ba. Shi nama ya gani da fiffike, bai san bambancin uwa da ɗa ba, bai san abin da tsuntsu ke zama ga mai shi ba. Da wannan nake lallashin zuciyata in zan gaishe shi da safe.

Bayan kamar mako guda ya shigo da kwando an rufe da tsumma, ya ajiye a gefen injina.

"Malam, ga su."

Kalmar Malam ɗin da ƙyar ta fito, kamar ana zare masa haƙori. Na ɗaga tsumman. Tattabaru huɗu ne, manya, masu sheƙi, idanu garau, ƙafafu tsaf. Sun fi nawa kyau, gaskiya ce. Ba irin waɗanda ake samu a kejin 'yan kasuwa ba ne, duk a fige a yamutse.

Na ce, "A wace kasuwa ka samo waɗannan?"

"Ba na kasuwa ba ne, nawa ne. Tun ina yaro nake kiwo. Ko a gidan da nake haya can Ƙofar Mazugal sai da na yi musu ɗaki." Har da ɗan alfahari a muryarsa. "Ka ɗaure musu fiffike na mako biyu su saba da wurin. In ba haka ba gida za su koma."

Na tsaya ina kallonsa. Ashe ya sani. Ya san waɗanda suka saba da hannu, ya san iyaye, ya san abin da ke samun ɗan shila in aka raba shi da uwarsa. Ranar da ya tsaya a bakin matattakala yana kallona da su a kafaɗa, ya fi kowa a maɗaba'ar fahimtar abin da yake gani. Zaɓa ya yi, da idon mai kiwo. Uzurin da na yi mako ina gina masa ya rushe, na ji tsanarsa ta zauna mini daram, ba zafi, ba rawar hannu.

Na ɗauki kwandon na haye sama. Na tsaya a bakin matattakala na sauke numfashi kamar kullum, don kada in firgita nawa. Na zauna a kan bulo, na watsa hatsi, na ba ɗan shilan nan abincinsa. Sannan na janye tsumman gaba ɗaya na karkata kwandon. Suka fito ɗaya bayan ɗaya, suka ɗan tsaya a kan katanga suna duban wurin. Ba su da laifi, ban kore su ba. Da kansu suka tashi, suka zagaya saman lungun, suka miƙa arewa.

Na sauko da kwandon, na shiga ofishinsa na ajiye masa a kan tebur. Ya leƙa ciki, ya ɗago.

"Har ka ɗaure su?"

"A'a. Za ka tarar da su a gida."

Ya buɗe baki, na ga tsohuwar maganar ta taho har kan harshensa, ya haɗiye ta. Na ba shi lokaci ya gama haɗiyewa.

"Wane aiki ne a gaba, manaja?"

Ya turo mini katin wani ɗaurin aure ba tare da ya dube ni ba, ya ce ana so gobe. Na duba yawansa na ce jibi ne, na fita na tayar da injin.